Saƙonnin Tashin Kwamfuta da Dakatar da Na'urori a Cibiyar Babbar Manhaja

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa kunna kwamfutar da ke aiki da ɗaya daga cikin manhajojin dangin Unix, kamar OpenBSD ko FreeBSD ko Linux, ba zai rasa ganin wasu layukan rubutu da ke kwarara a fuskarta cikin gaggawa kafin ta kammala tashi ba. Galibin masu amfani da kwamfuta ba su damu da waɗannan layuka ba, har ma akan lulluɓe su da hoto domin kada su ɗaga wa mutane hankali. Sai dai ranar da kwamfutar ta tsaya cak a tsakiyar tashi, alhali aikin shekara guda yana cikin faifanta, babu wani mai ba da shaidar abin da ya faru in ban da su.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana abin da waɗannan saƙonni suka ƙunsa, da yadda ake karanta su, da kuma yadda ake dogara a kansu wajen dakatar da na'urar da ke hana kwamfuta tashi. An ɗauki OpenBSD a matsayin babban misali saboda saƙonninta suna bin tsari guda mai sauƙin ƙalailaicewa, sannan aka kwatanta ta da FreeBSD da Linux. Abin da maƙalar ke son tabbatarwa shi ne, dakatar da na'ura gwaji ne da ake yi bisa shaida, kuma wanda bai iya karanta shaidar ba yana iya hukunta wanda bai ji ba bai gani ba.

2.0 Ma'anar Muhimman Kalmomi

Babbar manhaja ita ce manhajar da ke tafiyar da kwamfuta baki ɗaya, wadda sauran manhajoji ke aiki a ƙarƙashinta. Cibiya kuwa ita ce zuciyar babbar manhaja, wato sashen da ake fara lodawa, wanda ke raba ƙwaƙwalwar kwamfuta da lokacin aiki tsakanin manhajoji, kuma shi kaɗai ke da ikon yin hulɗa kai tsaye da ƙarafan da ke cikin akwatin. Da kalmar na'ura ana nufin kowane sashe na waɗannan ƙarafa, kamar faifai da katin sadarwa da katin hoto da allon madannai. Kowace irin na'ura tana da 'yar manhajar da ta san harshenta a cikin cibiya, ita ce ake kira direba. Akwai kuma wata ƙaramar manhaja da ke ɗauko cibiya daga faifai ta sauke ta a ƙwaƙwalwa, wadda za a kira ɗan dako a wannan maƙala.

3.0 Yadda Saƙonnin Tashi ke Samuwa

Idan aka kunna kwamfuta, manhajar da kamfani ya dasa a cikin babban allonta, wato BIOS ko magajiyarta UEFI, ita ce ke fara aiki. Daga nan sai ta miƙa ragama ga ɗan dako, shi kuma ya loda cibiya. Aikin farko da ke gaban cibiya shi ne ta san irin gidan da ta tsinci kanta a ciki: nawa ne girman ƙwaƙwalwa, waɗanne na'urori ne ke nan, kuma wane direba ne zai ɗauki kowace.

Wannan dabara ta cibiya ta gano na'urori da kanta ta shigo dangin BSD ne a fitowar 4.1BSD ta Jami'ar Kaliforniya da ke Berkeley a shekarar 1981, sannan Chris Torek ya sake mata fasali a 4.4BSD ta 1993. Wannan sabon fasali shi ne NetBSD da OpenBSD suka gada. A cikinsa ana kallon na'urori tamkar bishiyar zuriya: akwai tushe, tushe ya haifi manyan hanyoyin sadarwa na cikin allo irin su PCI, su kuma suka haifi na'urorin da ke rataye a jikinsu. Duk lokacin da aka tarar da wata na'ura, aikin yakan kasu gida biyu. Da farko akwai lalube, inda ake tambayar direbobi ko akwai wanda ya san ta, kowa ya faɗi gwargwadon dacewarsa. Sai kuma ɗaurawa, inda wanda ya fi dacewa zai karɓe ta ya shirya ta domin aiki. Kowace ɗaurawa takan bar layi guda na rubutu, kuma tarin waɗannan layuka su ne saƙonnin tashi.

Cibiya tana ajiye saƙonnin a wata 'yar ma'ajiya mai iyaka a cikin ƙwaƙwalwa, wadda idan ta cika sai sabon saƙo ya hau kan mafi tsufa ya shafe shi. Da umurnin dmesg ake karanta ta. Saboda wannan shafewa ne manhajojin BSD suke kwafe saƙonnin da zarar an gama tashi su adana a fayil ɗin /var/run/dmesg.boot. A Linux kuwa, kowane saƙo yana ɗauke da matsayi daga 0, wato mafi tsananin haɗari, zuwa 7, wato bayanin da masu gyaran manhaja kaɗai ke buƙata, kuma galibi akan sa adadin daƙiƙoƙin da suka shuɗe tun daga tashi a farkon kowane layi.

4.0 Ƙirar Jimlar Saƙon Tashi

Layin saƙo a OpenBSD jimla ce mai tsayayyar ƙira, wadda ke amsa tambayoyi uku a jere: wane ne, a ina yake, kuma mene ne shi. Dubi wannan misali daga irin kwamfutocin tafi-da-gidanka masu katin sadarwa na Intel:

(1) em0 at pci0 dev 25 function 0 "Intel 82579LM" rev 0x04: msi

Kalmar farko ta ƙunshi sunan direba, wato em, da lambar na'ura, wato 0, domin daga sifiri ake fara ƙirga. Da akwai kati na biyu irinsa, da em1 za a kira shi. Kalmar at tana nufin “a kan”, kuma abin da ya biyo bayanta shi ne uwa, wato pci0. Sai adireshin na'urar a jikin uwar: gurbi na 25, aiki na 0. Abin da ke cikin alamar zance sunan na'urar ne kamar yadda cibiya ta fassara shi daga lambobin da na'urar ta bayar. Duk abin da ya zo bayan ruwa biyu kuwa, direban ne da kansa ya rubuta shi a yayin ɗaurawa. Wannan rabuwa tana da muhimmanci ƙwarai, kamar yadda za a gani a gaba. A Linux, wannan kati direban e1000e ne ke ɗaukar sa, kuma layukansa kan fara da e1000e 0000:00:19.0. Lambar 19 a nan tana cikin lissafin goma sha shida ne, wanda in an mayar da ita lissafin goma sai ta ba da 25. Ashe gurbi ɗaya ne manhajojin biyu suke nufi, kowace da irin bakinta.

Ga misali na biyu, daga irin wannan kwamfuta:

(2) "Intel 6 Series MEI" rev 0x04 at pci0 dev 22 function 0 not configured

A nan jimlar ba ta da sunan direba a farkonta. Ma'anar kalmomi biyu na ƙarshe ita ce, cibiya ta ga na'urar, ta san sunanta, amma babu direban da ya karɓe ta. Wannan ba alamar lalacewa ba ce, kuma sau da yawa ba ya hana komai aiki. Ya kamata mai karatu ya bambanta halaye uku: na'urar da aka gani aka ɗaura, da wadda aka gani ba a ɗaura ba, da wadda ba ta bayyana a saƙonnin ba sam. Ta ukun nan matsalarta ba ta direba ba ce. Ko dai an rufe ta a BIOS, ko ta mutu, ko kuma uwarta ce ba a ɗaura ba.

5.0 Dalilan Dakatar da Na'ura

Tushen wannan buƙata yana komawa ne ga tsohuwar hanyar ISA, wadda ta zo da kwamfutar IBM ta 1981. Na'urorin ISA na asali ba su iya faɗin sunansu, don haka dole direba ya je adireshin da aka saba samun na'urarsa ya rubuta wani abu, ya jira amsa. Misali na uku yana nuna irin waɗannan sanannun adireshi:

(3) com0 at isa0 port 0x3f8/8 irq 4: ns16550a, 16 byte fifo

Ƙofar sadarwa ta farko ke nan, a adireshi 0x3f8, da layin kira na 4. Matsalar ita ce, idan wata na'ura dabam ce ke zaune a adireshin da direba ya je lalube, abin da ya rubuta yana iya rikita ta har kwamfutar ta sandare. Katunan sadarwa masu kwaikwayon NE2000 sun yi suna wajen wannan, har Linux ta tanadi umurnin reserve domin hana direbobi taɓa wasu adireshi. Da zuwan PCI a 1992 da USB a 1996, na'ura ta koma gabatar da kanta da lambar kamfani da lambar samfuri, misali 8086 ita ce lambar Intel a PCI, sai laluben makafi ya ragu ainun.

Duk da haka buƙatar ba ta gushe ba, dalilanta ne suka sauya. Na ɗaya, direba yana iya sandarewa ko ya rushe cibiya yayin ɗaurawa, musamman idan bayanan ACPI da kamfani ya dasa a allo suna da kuskure, ko katin hoto bai jitu da direbansa ba. Na biyu, direbobi biyu suna iya yin takara a kan na'ura guda. A OpenBSD direban ulpt yakan riga kowa karɓar na'urar buga takardu ta USB, alhali manhajar CUPS tana son ta same ta a hannun direban gama-gari ugen. Haka kuma a Linux sai an janye nouveau kafin direban kamfanin NVIDIA ya sami wurin zama. Na uku, wani sashe yana iya lalacewa alhali sauran jikin kwamfutar lafiya lau, abin da ya zama ruwan dare a kwamfutocin gwanjo da suka cika kasuwanninmu. Dakatar da sashe guda yakan ƙara wa irin wannan kwamfuta shekaru. Na huɗu shi ne tsaro, kamar inda hukuma ta hana direban faifan USB aiki domin kada a kwashe mata bayanai.

6.0 Hanyoyin Dakatarwa

6.1 OpenBSD

OpenBSD, wadda Theo de Raadt ya kafa a 1995, tana zuba dukkan direbobinta a cikin cibiya guda mai suna GENERIC, kuma tun fitowa ta 5.7 a 2015 ta daina karɓar direbobin da ake lodawa daga baya. Saboda haka ta tanadi hanyar gyara jerin direbobi ba tare da sake harhaɗa cibiya ba. Idan ɗan dako ya tsaya yana jiran umurni, sai a rubuta boot -c. Cibiya za ta dakata kafin ta fara lalube, ta nuna alamar UKC. A nan umurnin find yana nuna bayanin direba, disable yana dakatar da shi, enable yana maido shi, quit kuma yana sallamar cibiya ta ci gaba da tashi:

(4) UKC> disable ulpt
UKC> quit

Wannan sauyi na tashi ɗaya ne kawai. Da an sake kunna kwamfutar komai zai koma yadda yake. A da, mai son sauyin ya ɗore yakan yi amfani da config -e ya rubuta shi a jikin fayil ɗin cibiyar. Amma daga fitowa ta 6.2 a 2017, OpenBSD ta fara sake jera sassan cibiyarta a kowane tashi domin ɓatar da masu kutse, kuma cibiyar da aka taɓa da hannu takan fita daga wannan tsari. An warware wannan cikas a fitowa ta 7.0 a 2021 da fayil ɗin /etc/bsd.re-config, inda ake rubuta umurnin dakatarwa, a riƙa aiwatar da shi a kan kowace sabuwar cibiya.

6.2 FreeBSD

FreeBSD ma ta taɓa samun irin wannan dandali na boot -c, amma ta yi watsi da shi a fitowa ta 5.0 a 2003, ta koma ga fayil ɗin /boot/device.hints. A cikinsa kowane layi yana ɗauke da sunan direba da lambar na'ura da abin da ake so:

(5) hint.uart.1.disabled="1"

Wannan layi yana dakatar da ƙofar sadarwa ta biyu kaɗai, ya bar ta farko. Mai son gwaji na tashi ɗaya yana iya ba da wannan umurni a gaban ɗan dako, ya sa kalmar set a farkonsa. Wanda kuma zai harhaɗa cibiyarsa, kalmar nodevice a fayil ɗin tsari tana fitar da direba daga cikinta ɗungurum.

6.3 Linux

A Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991, yawancin direbobi suna zaune ne a waje a matsayin ƙunshi, sai an ga na'urarsu ake loda su. A lokacin harhaɗa cibiya kowane direba yana da zaɓi uku a fayil ɗin .config: y a gina shi a ciki, m a mai da shi ƙunshi, ko kuma a bar shi gaba ɗaya. Idan ƙunshi ne, akan rubuta sunansa bayan kalmar blacklist a wani fayil da ke ƙarƙashin /etc/modprobe.d, ko kuma, domin gwaji, a danna harafin e a allon ɗan dako GRUB a ƙara modprobe.blacklist tare da sunan. Akwai tarko uku a nan. Wannan umurni yana hana lodawa ta kai tsaye ne kawai, don haka idan wani ƙunshi ya dogara da wanda aka hana, zai jawo shi duk da haka. Haka kuma ba ya tasiri a kan direban da aka gina a cikin cibiya. Bugu da ƙari, idan direban yana cikin ƙaramin faifan farko da ake kira initramfs, sai an sake gina wannan faifai kafin hanin ya kama shi.

7.0 Inda Ake Yin Kuskure

Kuskure mafi yawa shi ne ɗora laifi a kan layin ƙarshe da ya bayyana kafin kwamfuta ta tsaya. A nan ne rabuwar da aka ambata a sashe na 4.0 take amfani. Idan layin ya yanke a tsakiya, wato an ga sunan direba da adireshi amma ba a ga bayanin da ke bin ruwa biyu ba, akwai kyakkyawan zato cewa a cikin ɗaurawar wannan direba aka maƙale. Idan kuwa layin ya cika, to mai shi ya gama aikinsa ya wuce, kuma mai yiwuwa wanda ke biye da shi ne ya sandare tun a wurin lalube, kafin ya furta ko kalma ɗaya. Maganin wannan shi ne a sa cibiya ta yawaita magana: umurnin verbose a UKC yana sa ta ambaci kowane direba kafin ta gwada shi, boot -v yana ƙara yawan bayani a FreeBSD, initcall_debug kuma a Linux. A Linux akwai ƙarin wahala, domin direbobi da dama suna tashi a lokaci guda, jerin layuka ba ya nuna wanda ya jawo wani.

Kuskure na biyu shi ne manta bishiyar zuriya. Wanda ya dakatar da uwa ya dakatar da 'ya'yanta da jikokinta. Idan aka janye xhci, direban mashigar USB, allon madannai da ke rataye a kanta ya tafi. Idan aka janye ahci alhali babban faifai a kansa yake, cibiya ba za ta sami inda za ta ci gaba da tashi ba. Garin neman gira ke nan a rasa ido. Haka nan a OpenBSD alamar tauraro a ƙarshen sunan direba tana nufin dukkan na'urorin da yake ɗauka, ba guda ɗaya ba.

Kuskure na uku yana da alaƙa da kalmar da ake amfani da ita. Mutane kan ce sun “kashe” na'ura, alhali direbanta kawai suka sallama. Na'urar tana nan da wutarta, wani lokaci ma takan fi cin batir saboda babu mai sa ta barci. Na'urar da ke misali na (2) ƙofa ce kawai zuwa wata ƙaramar kwamfutar kulawa da Intel ke ginawa a cikin allo, wadda ke ci gaba da aikinta ko da direba ko babu. Wanda ke son kashewa ta haƙiƙa sai ya nufi BIOS, in ta ba da dama, ko ya zare na'urar da hannu.

Akwai wani abin da ya faru a 2008 da ya haɗa darasin baki ɗaya. Masu gwajin cibiyar Linux 2.6.27 kafin fitowarta sun tarar cewa wasu katunan sadarwa na Intel suna mutuwa, saboda ana lalata bayanan da ke cikin 'yar ma'ajiyar katin. Ubuntu da openSUSE suka gaggauta dakatar da direban e1000e a fitowarsu ta gwaji, kuma wannan mataki ya ceci katuna. Amma da bincike ya yi zurfi, sai aka gano cewa tushen ɓarnar wani sashe ne dabam na cibiya mai suna ftrace, wanda ke rubutu a wani wuri na ƙwaƙwalwa da ya riga ya zama mashigar katin. Dakatarwar ta yi amfani a matsayin garkuwa, amma ba ita ce ta nuna mai laifi ba.

8.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a iya fitar da ƙa'idojin aiki kamar haka. A adana kwafin saƙonnin tashi tun kwamfuta tana lafiya, domin da shi za a kwatanta ranar da ta ƙi tashi. A fara da dakatarwa ta tashi ɗaya kafin a rubuta ta a fayil. A dakatar da direba ɗaya a kowane gwaji, in ba haka ba ba za a san wanda ya kawo sauƙin ba. A tabbata akwai wata cibiya da za a koma gare ta, kamar /boot/kernel.old a FreeBSD, ko bsd.rd a OpenBSD, ko tsofaffin cibiyoyin da GRUB ke jerawa. Daga ƙarshe, idan an gano direban da ke da matsala, a aika wa masu kula da manhajar cikakken saƙon tashi ba tare da an datse shi ba, domin abin da mai aikawa ya ɗauka surutu ne yana iya zama shi ne abin da mai gyara ke nema.

Maƙalar ta nuna cewa saƙonnin tashi bayani ne mai tsari da cibiya ke bayarwa game da abin da ta gani, da wanda ta damƙa wa, da abin da ta rasa mai karɓa. Ta kuma nuna cewa hanyoyin dakatarwa sun bambanta daga manhaja zuwa manhaja, amma hukuncinsu ɗaya ne: suna janye direba ne, ba su gyara na'ura, ba su kuma kashe ta. Wanda ya iya karanta layi guda daga farkonsa zuwa ƙarshensa, ya san uwa ya san ɗa, shi ne zai taɓa abu ɗaya tak kwamfuta ta tashi.